Izinin maganin ƙwari ba ya tsallaka iyaka: abin da ya kamata mai sana'ar feshi ya sani

Feshin maganin ƙwari ya zama sana'a mai zaman kanta a yankunan da Hausawa ke zaune. A gonakin albasa na Galmi da Marwa, a lambunan tattasai na bakin Komadugu a Diffa, a gonakin auduga na Garwa da kudancin Chadi, har zuwa zangon Kumasi da unguwannin Njamena, akwai samari da magidanta da abincinsu ya dogara ga injin da suke goyawa a baya. Yau a kira su gona, gobe sito wajen buhunan wake, jibi gidan wani saboda kuɗin cizo ko kyankyaso. Wasunsu sun samu horo, kamar waɗanda ake kira brigadiers phytosanitaires a ƙauyukan Nijar, da ma'aikatar noma ke koya wa aikin. Wasu kuwa da ido suka koya, wajen wanda shi ma da ido ya koya.

Mai feshi na sana'a ya bambanta da manomin da ke fesa gonarsa sau biyu ko uku a damina. Shi kusan kullum yana cikin magani, don haka abin da jikinsa ke ɗauka ya ninka na manomin. Aikinsa kuma yana ƙarewa ne a tukunyar mutanen da bai taɓa gani ba. Ga wanda ke zaune a bakin iyaka akwai ƙarin matsala: kwalbar da ya sayo a kasuwar wata ƙasa, da rubutu cikin harshen da ba ya karantawa, mai yiwuwa doka ta yarda da ita a inda aka sayar da ita, amma ta hana ta a inda zai fesa ta.

Kowace ƙasa da hukumar da ke ba da izini

Kafin a sayar da maganin ƙwari bisa doka, sai wata hukuma ta duba sakamakon gwajinsa. Za ta tabbatar yana kashe ƙwaron da aka ce yana kashewa, ta auna illarsa ga mutum da dabba da ruwa, sannan ta faɗi amfanin gonar da aka yarda a fesa masa da yawan da za a zuba. Wannan amincewa ita ake kira homologation da Faransanci, a ƙasashen da ke aiki da Ingilishi kuma rajista.

A Nijar da Chadi aikin na haɗin gwiwa ne. Ƙungiyar CILSS, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1973 lokacin babban fari, ta samar da ƙa'ida ɗaya a 1992, aka sake gyara ta a 1999. A ƙarƙashinta kwamitin Comité Sahélien des Pesticides, ko CSP, mai mazauni a Bamako, shi ke tantance magunguna a madadin ƙasashe irin su Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso da Senegal. Izininsa iri biyu ne: na wucin gadi mai shekara 3, wanda ake iya sabuntawa sau ɗaya, da cikakke mai shekara 5. Ana gane su a ƙarshen lambar da ke jikin kwalba, inda za a ga APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. Tabbatar da bin wannan ƙa'ida a cikin gida aikin hukumar kare tsirrai ne: DGPV a Nijar, mai aiki da dokar 26 ga Mayun 2015, da DPVC a Chadi.

Kamaru ba ta cikin wannan tsari. Tana da dokarta ta 21 ga Afrilun 2003, da hukumarta ta CNHPCAT a ƙarƙashin ma'aikatar noma, wadda ke ba magunguna izini, tana kuma tantance injinan feshi. A Gana hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yin rajistar, tana raba magunguna gida-gida: wanda kowa zai iya amfani da shi, wanda aka taƙaita ga ƙwararru, wanda aka dakatar, da wanda aka hana. A Najeriya kuwa NAFDAC ce.

Lambar NAFDAC shaida ce cewa Najeriya ta yi wa magani rajista, amma ba ta da ƙarfin doka a Maraɗi, Ƙonni ko Kusseri. Haka ita ma lambar SAHEL ba ta aiki a Garwa ko Tamale. Binciken da RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta Nijar, ta sha yi a kasuwanni ya nuna cewa magunguna da yawa da ake sayarwa a ƙasar daga Najeriya suke shigowa ba tare da izinin CSP ba. Yawan abu a kasuwa kuwa ba ya mayar da shi halattacce.

Izinin magani daban, izinin mutum daban. Shigo da magani da sayar da shi sai da takardar amincewar hukuma, wadda ake kira agrément. Dokar Kamaru ta ɗora wannan sharaɗi har ga wanda ke yi wa wasu feshi a matsayin sana'a, a Gana ma sai da lasisin EPA. Duk wanda ke son ya riƙi feshi sana'a, wurin farko da ya kamata ya je shi ne ofishin kare tsirrai na jiharsa ko gundumarsa, ya karɓi jerin magungunan da aka amince da su na wannan shekarar, ya ji sharuɗɗan takardar aiki. Jerin yana canzawa, don haka na shekaru uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne.

Magungunan da aka hana, da dalilin hana su

Tarihin endosulfan ya nuna yadda ake kai wa ga hani. A ƙarshen shekarun 1990 tsutsar auduga ta daina jin magungunan da aka saba fesa mata a Afirka ta Yamma, sai aka dawo da endosulfan. Daga gonar auduga ya shiga lambu, ya shiga rumbu, kwalabensa suka shiga gidaje. A arewacin Benin gomman mutane suka rasu a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000. Ƙasashen CILSS sun hana shi a 2007, sannan a 2011 aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta magunguna masu daɗewa a ƙasa da jiki ba su lalace ba. Lindane, wanda aka fi sani da gamalin, ya shiga wannan yarjejeniya tun 2009.

CILSS ta hana maganin ciyawa na paraquat a 2011. Kurɓi ɗaya nasa yana iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma har yau babu makarinsa. A 2015 aka ƙara da wasu, ciki har da carbofuran da atrazine.

Hanin bai kwashe su daga kasuwa ba, kuma ba safai ake gane su da babban sunan da ke gaban kwalba ba. Sinadari ɗaya yana iya fitowa da sunayen kasuwa barkatai, kowane kamfani da nasa. Sunan gaskiya yana cikin ƙananan haruffa, ƙarƙashin matière active a kwalbar Faransanci, ko active ingredient a ta Ingilishi. Mai sana'a nan yake fara dubawa.

Akwai kuma alamun da suka isa a ajiye kwalba ko da araha ce. Maganin da aka juye cikin robar ruwa ko kwalbar lemo, wanda ake sayarwa cokali-cokali, wanda takardarsa ta goge ko ta ɓare, wanda babu ranar da aka yi shi ko adireshin wanda ya shigo da shi, duk ba a san abin da ke ciki ba. Yawancin magunguna shekara 2 ake ba su daga ranar da aka haɗa su, in dai ba a rubuta wani abu daban ba, kuma zafin rumfar kasuwa yana rage wannan wa'adi.

Abin da takardar jikin kwalba ke faɗa

Takardar nan, étiquette, tana cikin abin da hukuma ta amince da shi, saboda haka saɓa mata saɓa wa izinin ne. Ko wanda bai yi boko ba zai iya karanta wani ɓangare nata. A ƙasan takardar akwai layi mai launi, wanda ke bin rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya. Ja na nufin guba mai tsanani ƙwarai, rawaya mai matsakaicin haɗari, shuɗi mai ɗan haɗari, kore kuma wanda ba a tsammanin zai yi illa nan take idan an bi ƙa'ida. Kore ma guba ne, sai dai ya fi sauƙi. A kan layin akwai ƙananan zane-zane da ke nuna safar hannu, takalmi, takunkumi, wanke jiki, da gargaɗi kan kifi ko dabbobi.

Haruffan da ke bin sunan magani suna faɗin yadda aka haɗa shi. EC ruwa ne mai mai da ke yin fari kamar madara idan ya haɗu da ruwa, kuma yana saurin ratsa fata. WP gari ne da ake damawa, haɗarinsa ƙurar da ke tashi lokacin awo. UL shi ne wanda ake fesawa yadda yake, ba a sirka shi da ruwa, da ƙaramin inji mai batir irin na yaƙi da fara.

Sai jerin amfanin gonar da aka yarda a fesa wa maganin. A nan ake yawan yin kuskure a yankunan auduga, inda maganin da aka raba don auduga ke ƙarewa a kan tumatir, kabeji da salati. An tsara ƙarfin maganin auduga ne bisa cewa ba a cin ta ɗanya kuma ba a tsinkar ta sai bayan makonni. Tumatir kuwa duk bayan kwana biyu ko uku ake cire shi, salati ko dafawa ba a yi.

Abu mafi muhimmanci ga mai ci shi ne DAR, wato délai avant récolte, wanda kwalaben Najeriya da Gana ke rubutawa PHI: yawan kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. Kowane magani da nasa, kowane amfanin gona da nasa. Wanda ya fesa kuɓewa da yamma aka tsinke ta da safe don kasuwa, ya sayar wa mutane maganin tare da miyar. Wankewa ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga cikin ganye ko 'ya'ya. Wasu takardun kuma suna faɗin lokacin da za a jira kafin mutum ko dabba su sake shiga gonar.

Awo ne ke raba gwani da ɗan koyo

Takarda tana ba da adadi ne a kan hekta ɗaya, mai feshi kuma da tankin lita 15 ko 16 yake aiki. Haɗa biyun lissafi ne mai sauƙi. A auna fili mita 10 a tsaye, mita 10 a kwance. A cika tanki da ruwa zalla, a fesa filin da irin tafiyar da aka saba, sannan a auna ruwan da ya ragu. Idan lita 2 aka kashe, hekta ɗaya za ta ci lita 200, domin ta ninka wannan fili sau 100. Da tankin lita 16, lita 200 tanki 12 da rabi ke nan. Idan takarda ta ce lita 1 na magani a hekta, sai a raba mililita 1000 gida 12 da rabi, kowane tanki ya samu mililita 80. Ana sake wannan gwaji idan an canza bakin feshi, ko shuka ta yi girma, ko wani ya karɓi injin, domin tafiyar kowa daban.

Murfin kwalba da gwangwanin tumatir ba ma'auni ba ne. Sirinji ko kofin awo mai lamba, da aka ware don wannan aiki kawai, shi ya dace. Ƙara magani don ya fi kisa yana ƙona shuka, yana barin ragowa a abinci, yana cinye ribar mai gona. Rage shi kuma yana barin ƙwari masu ƙarfi su rayu su hayayyafa.

Haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya ba tare da takarda ta yarda ba caca ce. Sau da yawa sunayen ne suka bambanta, sinadarin ɗaya ne, sai mutum ya ninka adadi bai sani ba. Fesa iri ɗaya kullum kuma shi ke sa ƙwaro ya saba da shi. Manoman tumatir sun ga haka da tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonaki a arewacin Najeriya a 2016: tana ɓuya ne cikin ganye, ta kuma yi suna wajen saurin sabawa da magani. Dabarar ita ce a riƙa sauya dangin sinadari. Kwalabe da yawa yanzu suna ɗauke da lambar rukuni, kuma biyu masu lamba ɗaya dangi ɗaya ne ko da sunansu ya bambanta.

Yadda guba ke shiga jikin mai feshi

Mutane sun fi tsoron shaƙa da haɗiya, amma a wajen mai feshi fata ce babbar ƙofa. Lokaci mafi haɗari shi ne na buɗe kwalba da awo, domin a sannan maganin bai sirku da ruwa ba. Na biyu shi ne tanki mai yoyo, wanda ke jiƙa riga a baya, mutum ya wuni da ita cikin zufa. Fatar goshi, wuya da matsematsi ta fi ta tafin hannu saurin ɗaukar magani.

Magunguna irin su dichlorvos, chlorpyrifos, profenofos da dimethoate dangi ɗaya ne, kuma jijiya suke kamawa. A jikin mutum, kamar a na ƙwaro, akwai sinadarin da ke kashe saƙon jijiya da zarar ya isa. Waɗannan magunguna suna tsayar da shi, sai saƙon ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya mayar da abin da ya rasa, shi ya sa kaɗan-kaɗan na kowace rana ke taruwa, har wata rana ƙaramin aiki ya kayar da mutumin da ya shekara yana cewa shi ya saba. Ba a sabawa da wannan guba. Dangin lambda-cyhalothrin, cypermethrin da deltamethrin kuwa suna sa zafi da ƙaiƙayi a fuska, kuma suna kashe kifi da zuma sosai.

Kayan kariya na asali su ne riga mai dogon hannu da dogon wando da aka ware don aiki, takalmin roba da ƙafar wando a kansa, safar hannu ta roba mai kauri, tabarau, hula, da takunkumi mai matata idan takarda ta nuna. Safar hannu ta yadi ko ta fata tana shan magani ta riƙe shi a jikin hannu. Rawani ko ƙyallen da aka ɗaure a hanci, da zarar ya jiƙe, magani yake kai wa baki. Leda mai kauri tsakanin baya da tanki tana tare yoyo.

Gaskiya ne cewa a zafin watan Afrilu, da ke haura digiri 40, sa waɗannan kaya wahala ne. Kundin ƙa'idojin da FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da shi ya yi la'akari da haka, inda ya ce a ƙasashe masu zafi a guji maganin da ke buƙatar kayan kariya masu takura, masu tsada ko masu wuyar samu. Ma'anarsa a aikace ita ce a zaɓi mai layi shuɗi ko kore idan zai yi aikin, a kuma yi feshi da sassafe ko da yamma. Ba a feshi da tsakar rana, ko iska na kaɗawa da ƙarfi, ko hadari ya taso. Ana tafiya ne ta yadda iska za ta ɗauke feshin daga jikin mutum, ana kuma lura da abin da ke gefen da iskar ta nufa: rijiya, tafki, garke, amya ko gidan mutane. Shuka mai fure ana barin ta sai zuma ta koma.

Idan bakin feshi ya toshe, ba a hura shi da baki, da ruwa da tsinken ciyawa ake buɗe shi. Ba a cin goro, ba a shan taba ko ruwa sai an wanke hannu da fuska da sabulu. Haka idan lokacin salla ya yi, sabulu ne farko kafin alwala, tunda ruwan alwala yana shiga baki da hanci, kuma butar alwala ba ta zuwa wajen haɗa magani. Yaron da bai kai shekara 18 ba, da mace mai ciki ko mai shayarwa, ba sa feshi, ba sa awo, ba sa wanke kayan aiki.

Sito da ɗakin kwana

Aikin da ya fi kisa cikin gaggawa shi ne na ƙwayar aluminium phosphide, da aka fi sani da Phostoxin. Ƙwaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar phosphine idan ta haɗu da laimar iska. Iskar tana ratsa buhu, tsagar bango da rufin ɗaki, kuma babu makarinta. Warinta mai kama da tafarnuwa ba abin dogaro ba ne, domin mutum na iya shaƙar mai yawa bai ji ba. Aikin ƙwararre ne: a sito da ke nesa da wurin kwana, a rufe kaya da tamfol da ba ya fitar da iska, a kulle ƙofa a sa alama, a jira kwanakin da takarda ta faɗa, sannan a buɗe iska ta ratsa kafin kowa ya shiga. Jefa ƙwaya cikin buhun da ke ɗakin da iyali ke kwana, ko shagon da ke manne da gida, kasada ce da rayukan mutane.

Dichlorvos, wanda ake kira fiya-fiya idan an sirka shi an zuba a ƙananan kwalabe, shi ma ya shiga sito. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowarsa fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2019 NAFDAC ta hana shigowa da haɗa ƙananan kwalabensa na noma masu mililita 100, ta kuma hana tallarsa a kasuwa. Wannan ya shafi maƙwabta kai tsaye, domin waken Nijar yana tafiya kasuwar Dawanau a Kano, yana tafiya Gana, kuma abin da aka zuba masa a sito yana tafiya tare da shi.

Ga wake akwai hanyar da ba ta buƙatar magani. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana hana iska shiga har ƙwaron ya mutu. Asalin dabarar binciken da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka yi ne da takwarorinsu na Kamaru a Marwa a ƙarshen shekarun 1980, an kuma fara yaɗa buhun a 2007. Sharaɗinsa wake ya bushe sosai, leda ba ta huje ba, a ɗaure kowane ruɓi daban.

Feshin gida kuma da maganin da aka yi wa rajista don cikin gida ake yin sa. Na gona ba ya shiga ɗaki, komai taurin kan kuɗin cizo. Kafin a fara ana fitar da abinci, kwanuka, ruwan sha, yara da kaji, bayan an gama kuma ba a komawa sai feshin ya bushe, an buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa.

Bayan an sauke inji

Kwalbar da ta ƙare ana ɗauraye ta sau uku: a zuba ruwa kwata, a rufe, a girgiza, a juye cikin tanki a fesa a gonar. Daga nan a huda ta don kada wani ya ɗauka ya zuba mai, nono ko ruwa, a ajiye ta a kulle har a miƙa ta inda hukumar noma ta tanada. Ba a wanke inji a bakin rijiya, kogi ko magudanar lambu. Kayan aiki ana wanke su daban da na iyali, da safar hannu. Magani yana zama a kwalbarsa ta asali, a wuri mai kulle da inuwa, nesa da hatsi da ɗakin kwana. A babur ko mota ma ba a haɗa shi da kayan abinci.

Ƙaramin littafi yana da amfani fiye da yadda ake zato. A rubuta rana, mai gona, irin shuka, sunan magani da sinadarinsa, lambar izini, yawan da aka zuba, da ranar da za a iya girbi. Idan shuka ta ƙone, ko akuyar maƙwabci ta mutu, ko jami'in gona ya yi tambaya, littafin ne shaidar mai feshi. Idan kuma shi ne ya kwanta, littafin zai gaya wa likita abin da ya shiga jikinsa.

Idan guba ta kama mutum

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, yawan zufa, dalalar miyau, hawaye, amai, zawo, rawar tsoka, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Da zarar an ga haka a daina aiki. A fitar da mutum zuwa wuri mai iska, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Mai taimako shi ma ya kare hannunsa.

Ba a sa mutum amai, domin ruwan da aka narkar da maganin a ciki yana iya faɗawa huhu. Ba a ba shi nono, manja ko man gyaɗa. Waɗannan ba makari ba ne, suna iya ma taimaka wa gubar ta shiga jiki, kuma suna cin lokacin da ya kamata a yi a hanya. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa. A garzaya asibiti tare da kwalbar ko takardarta: guba irin ta dichlorvos tana da allurar atropine da ke ceton rai, amma sai ma'aikacin lafiya ya san da abin da yake fama.

Ba kowane kira ke buƙatar feshi ba

Wanda ake biya bisa yawan tankin da ya fesa yana da dalilin fesawa ko babu buƙata, kuma a nan ake gane mai sana'a. Yakan fara duba gona ya gane ko ƙwaro ne, ko cuta, ko ƙishirwa, ko rashin taki, domin maganin ƙwari ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin ukun ƙarshe. Wani lokaci ruwan 'ya'yan dogon yaro ya isa. A Nijar, masu bincike na cibiyar INRAN sun nuna cewa sakin ɗan ƙaramin ƙwaron Habrobracon hebetor yana rage ɓarnar tsutsar zangarniyar gero, kuma feshi barkatai yana kashe irin waɗannan ƙwari masu taimakon manomi.

Idan feshin ya zama dole, tambayoyin da mai sana'a zai amsa kafin ya buɗe kwalba ba su da yawa. Wannan magani yana da izini a ƙasar da gonar take? An yarda da shi ga wannan shuka? Mililita nawa ne a tanki? Kwana nawa za a jira? Amsar ta ƙarshe ba tasa ba ce shi kaɗai. Kafin ya bar gonar sai ya gaya wa mai ita, a gaban wanda zai yi tsinkar, ranar da za a iya kai kayan kasuwa.